Kafin Mu Yi Wa Chadi Addu'a, Wa Ya Tambayi Ɗan Chadin Da Ke Bencin Baya?

Duk shekara idan watan Oktoba ya kama, hotunan daren addu'a domin ƙasashe kan cika wayoyinmu. Ƙungiyar IFES, wadda ta haɗa ƙungiyoyin ɗalibai masu bishara na duniya tun 1947, ta keɓe rana guda a watan domin ɗalibai su yi wa juna addu'a, kuma zumuntoci da dama a jami'o'inmu na Arewa suna raya wannan rana ko wata makamanciyarta. A rataya tutoci, a liƙa taswira a bango, mawaƙa su sha ado, a kwana ana kiran sunayen ƙasashe ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wanda ba ya fitowa a hotunan. A cikin ɗakin sujadar akwai yaro daga Mundu ta Chadi ko Marwa ta Kamaru ko Maradi ta Nijar yana zaune a baya. An yi wa ƙasarsa addu'a da murya mai ƙarfi, amma ba wanda ya tambaye shi halin da ake ciki a gida, balle ya san ko ya samu wurin kwana a wannan zangon.

Ra'ayina a taƙaice: zumuntar da ba ta san sunayen baƙin ɗaliban makarantarta ba, ba ta ware musu mutum ba, ba ta ware musu ko sisi daga baiko ba, ta rage kuɗin tutoci ta fara da nan. Addu'ar kuma a ci gaba da yi, amma bayanin abin da za a roƙa ya fito daga bakin masu ƙasar. Taimakon kuwa a yi shi ba da sharaɗi ba, ga Kirista da Musulmi.

Su wane ne baƙin, kuma ina takalmin ke matsa su

A ABU Zariya da jami'o'in Maiduguri da Jos da Yola da Sakkwato da Kano, yawancin ɗalibai baƙi maƙwabta ne: 'yan Nijar, 'yan Kamaru, 'yan Chadi. Haka ma a makarantun tauhidi irin su TCNN a Bukuru da JETS a Jos. Da yake fatarmu ɗaya, wasunsu ma Hausa suke ji, sai mu ɗauka ba su da wata matsala ta daban. Akwai ta, kuma tana farawa tun makon farko.

Ɗauki maganar layin waya. Tun Disamba 2020 aka ɗaure rajistar layi da lambar NIN. Asusun banki kuma yana neman BVN da shaidar wurin zama. Yaron da ya sauka a tasha da fasfo da takardar shiga makaranta kaɗai ba shi da ko ɗaya, alhali kusan duk rajistar makaranta yanzu ta intanet ake yi, kuɗin ma ta banki ake biya. Sai ya miƙa kuɗinsa ga wani da ya haɗu da shi a bakin ƙofa ya biya masa. Nan ne damfara ta fi kama su.

Sai canji. Sefar Nijar daban, sefar Chadi da Kamaru daban, ko da yake darajarsu ɗaya a kan yuro. Mai canji a kasuwa ya san baƙo bai san farashin ranar ba. A makarantu da yawa kuɗin karatun baƙo ya fi na ɗan ƙasa, don haka kuɗin da ke aljihunsa a ranar da ya iso ba ƙarami ba ne, kuma sau da yawa gumin dangi ne na shekara guda.

Takardun zama su ne suka fi ruɗa mutane. Shigowa ba biza na ɗan lokaci abu ne daban da izinin zaman karatu na shekara huɗu. Chadi da Kamaru ba sa cikin ECOWAS, Nijar kuma ta fice a hukumance ranar 29 ga Janairu 2025. Ɗalibi kan shiga aji ya manta da wannan, sai ranar da jami'an shige da fice suka tsayar da motarsu a hanyar komawa gida.

Harshe kuwa, wanda ya yi karatunsa duka da Faransanci yakan kwashe zangon farko yana kwafar allo ba tare da ya gane rabin abin da malami ke faɗa ba. A sujada ma haka: mai wa'azi ya fara da Turanci, ya zarce Hausa, ya watsa Turancin buroka, kowa ya yi dariya, baƙo ya yi murmushin da ba shi da tushe. Ɗan Maradi ko Damagaram ya tsira da Hausa. Ɗan kudancin Chadi mai jin Ngambai da Larabcin Chadi ba shi da wannan gatan.

Mafi muni shi ne ranar da aka ce kowa ya bar ɗakin kwana. Yajin aikin ASUU na 2022 ya fara ranar 14 ga Fabrairu, bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba. Wata takwas cur. Ɗan Kafanchan ya hau mota ya tafi gida noma. Ɗan Chadi fa? Idan ya tafi, hanyar Gamboru zuwa Kusiri ta Kamaru, da ake bi zuwa Chadi, ta shekara da shekaru tana da haɗari, zagaye ta Yola da Garwa kuma kuɗi ne mai yawa, ga shi kullum ana cewa mako mai zuwa za a janye. Idan ya zauna, a ina, kuma da me? 'Yan Nijar sun ɗanɗani irin wannan bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da aka rufe iyaka har zuwa Maris 2024, kuɗin gida ya daina isowa yadda aka saba.

"Ai addu'a ta fi shinkafa"

Wannan ita ce hujjar da aka fi kawowa, kuma masu kawo ta mutanen kirki ne. Suna cewa aikin zumunta na ruhu ne, idan aka shiga rabon abinci da zirga-zirgar ofis za a koma ƙungiyar agaji.

To, a buɗe Ayyukan Manzanni sura 6. Ƙorafin farko da ya girgiza ikkilisiyar Urushalima a kan abinci ne, kuma na masu wani harshe ne: Yahudawa masu jin Helenanci suka ce ana tsallake gwaurayensu mata wajen rabon yau da kullum. Manzanni ba su ce a ƙara azumi ba. Sun ce a zaɓi mutum bakwai a ɗora su a kan aikin, su kuwa su ci gaba da addu'a da koyarwa. Duka bakwai ɗin sunayen Helenanci gare su, wato an damƙa aikin a hannun waɗanda abin ya shafa. Addu'a ba ta ragu ba, abinci kuma ya kai.

Yakubu ma a wasiƙarsa, sura 2, ya yi wa wannan hali tatas, inda ya kwatanta mai ce wa ɗan'uwa mayunwaci ya sauka lafiya ya ji ɗumi ya ƙoshi, bai kuwa ba shi komai ba. Mai tsayawa ya sa wa Nijar albarka sannan ya wuce ɗan Nijar a bakin ƙofa, ban ga inda ya bambanta da wancan ba.

"Mu ma fama muke yi"

Gaskiya ne. Ɗalibin da ke jiƙa garin kwaki da daddare ba attajiri ba ne, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayu 2023 kuɗin mota kaɗai ya isa ya karya mutum. Amma a duba a ga nawa ne daga cikin buƙatun baƙo ke cin kuɗi.

Tarbo shi a tasha: kuɗin adaidaita ne. Raka shi ofishin kula da harkokin ɗalibai da wurin yin NIN: yini guda ne. Kai shi wurin mai canjin da aka sani, a tsaya a ƙirga a gabansa: awa ɗaya. Nuna masa asibitin makaranta kafin zazzaɓi ya kayar da shi, da inda ake sayen katifa da bokiti da risho da gidan sauro ba a ninka masa farashi ba. Wanda zai zauna a Jos a gaya masa ya sayi bargo da rigar sanyi kafin Disamba, domin wanda ya taso a zafin garin Sar na Chadi bai san abin da ke jiransa ba.

Abin da ke cin kuɗi da gaske biyu ne: abinci lokacin da kuɗin gida ya makale, da wurin zama lokacin hutu ko yajin aiki. Na farko, ƙaramin asusu ya isa, a ce kashi ɗaya cikin goma na baikon makon bishara, a ajiye shi a hannun ma'aji da sa hannun mutum biyu. A ba da shi a matsayin kayan abinci, mudun shinkafa da wake da man gyaɗa, ko a biya kai tsaye inda ake bin bashin. Rance daga aljihun mutum ɗaya shi ke kashe zumunci: ranar biya ta zo babu, baƙo ya ji kunya ya daina zuwa sujada, mai kuɗi ya fara ba da labari.

Na biyun ba aikin ɗalibai ba ne su kaɗai. Aikin ikkilisiyoyin gari ne, ECWA da COCIN da EYN da HEKAN da Katolika da Angilikan da sauransu, musamman zumuntar mata, waɗanda in suka ɗauki abu ba ya faɗuwa. A nemi gidaje tun farkon shekara, kada a bari sai an rufe makaranta a fara buga waya. Kowane gida ɗalibi ɗaya ko biyu. Mace a gidan da akwai uwar gida, ba gidan gwauro ba komai tsoron Allahnsa. A faɗi tsawon zaman tun farko, a faɗi wanda zai ɗauki abinci. A kuma gaya wa masu gida a fili cewa ɗalibi suka karɓa, domin an sha ganin baƙuwa ta koma mai wanke-wanke da rainon yara, ta rasa bakin magana saboda tana cin tuwon gidan. Wani daga zumunta ya riƙa leƙawa duk mako biyu, ya keɓe da ɗalibin ya ji ta bakinsa.

Mu tuna kuma namu 'ya'yan baƙi ne a wasu wurare. Da yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu 2023, ɗaliban Najeriya, yawancinsu 'yan Arewa, sun kwana da kwanaki a bakin iyakar Masar kafin jiragen farko su sauke su a Abuja a farkon Mayu. Iyayen da suka yi wannan zaman zullumi ba sai an yi musu dogon wa'azi a kan baƙo ba.

Ɗalibi Musulmi fa?

Nan ne maganar ta fi nauyi, kuma nan aka fi yin ɓarna. Mafi yawan 'yan Nijar da ke zuwa Musulmi ne, haka ma da yawa daga Chadi da arewacin Kamaru. Wasu 'yan zumunta kan ce a bar su, ba ruwanmu, kada a jawo fitina. Wasu kuma kan ga dama ce ta samu, a jawo su da shinkafa. Duka biyun ban yarda da su ba.

Umarnin Littafin Firistoci 19:33-34 a kan baƙon da ke zaune a ƙasa bai tambayi addininsa ba. Don haka rakiya zuwa ofis da darasin Turanci da taimakon gaggawa na kowa ne. Amma a faɗi gaskiya tun ranar farko: mu zumuntar ɗalibai Kirista ne, ga abin da muke yi, ba sai ka zo sujada ba kafin mu taimake ka. Idan an gayyaci mutum cin abinci kuma za a yi wa'azi a wurin, a gaya masa kafin ya zo. Kiran taro da sunan ajin Turanci sannan a rufe ƙofa a ɗauko Littafi Mai Tsarki yaudara ce, kuma wanda aka yaudara sau ɗaya zai gaya wa duk 'yan ƙasarsu kafin gari ya waye. Ajin Turanci ya zama ajin Turanci. Nazarin Littafi a sa masa ranarsa da sunansa, mai so ya zo. Idan an dafa abinci, naman ya zama yankan da zai iya ci, kada a haɗa da alade, kada a sa taron a lokacin sallar Juma'a, a watan azumi kuma a matsar da shi zuwa bayan shan ruwa.

Wani zai ce to ina bisharar? Tana nan. Wanda ya tambaye ka dalilin da ya sa kake wahala da shi, ka gaya masa ba tare da kwana-kwana ba. Abin da nake ƙi shi ne a mai da yunwar mutum ƙugiya.

Sai maganar hotuna, wadda shugabannin zumunta ba su ɗauke ta da muhimmanci ba har yanzu. A ɗauki hoton ɗalibi Musulmi a wurin cin abinci, a sa a Facebook ko a rahoton da ake aika wa masu ba da tallafi da rubutun cewa ga rayukan da aka samu. Yaron bai ce ya tuba ba, shinkafa ya ci. Hoton ya isa garinsu, uba ya yanke kuɗin makaranta, ko abin ya fi haka muni. Makarantun Arewa sun ga yadda magana guda a WhatsApp ke tayar da wutar da ba a iya kashewa. Doka ta zama ɗaya: ba hoto sai da izini, ba sunan kowa a cikin roƙon addu'a da ake turawa rukuni-rukuni, ba ƙidayar kawuna.

Yadda addu'ar kanta ke lalacewa

Yawancin abin da ake karantawa a daren ƙasashe an kwafo shi ne daga intanet da yammacin ranar, wani ma ya shekara goma da tsufa. Sai ka ji ana roƙon Allah ya kai haske "ƙasar duhu", alhali wanda ke bencin baya jikan mai bishara ne. Mishan ɗin SUM da ya fara aiki a Wase a 1904, wanda COCIN ta fito daga cikinsa, ya yi aiki a kudancin Chadi ma, kuma ikkilisiya a can tana da ƙarfi. Ƙungiyar mishan ta SIM, uwar ECWA, ta shiga Damagaram tun 1924, asibitinta na Galmi yana aiki tun 1950. Kiristocin Nijar 'yan kaɗan ne, sun kuma ga an ƙona majami'u a Damagaram da Yamai a Janairu 2015, amma suna nan suna sujada. Mai yi musu addu'a kamar babu su, ya ci musu fuska.

Gyaran ba wuya. A maimakon dare ɗaya a shekara da ƙasa arba'in, a ɗauki minti goma sha biyar a taron mako, ƙasa ɗaya tak. A gaya wa ɗalibin ƙasar mako guda kafin nan, ya kira gida ya ji labari. Ya kawo abu uku: abin godiya, abin da ke damun jama'a, da buƙatar ikkilisiya ko ta ɗalibai. Ɗan Chadi zai gaya muku halin da garin Adre ke ciki da dubban ɗaruruwan 'yan gudun hijirar Sudan, ko ɓarnar ambaliyar 2024, wadda ta zo a damina ɗaya da fashewar dam ɗin Alau a Maiduguri. A bar shi ya yi addu'a da harshensa, a ce amin ko ba a ji ba. Idan ba ya son tsayawa gaban jama'a, ya rubuta wani ya karanta. Kada a tilasta masa sa kayan gargajiya ya zama abin kallo.

A kiyayi siyasa. Rikicin yankunan masu jin Turanci na Bamenda da Buea da ya faro a 2016 ya raba 'yan Kamaru, kuma mai yiwuwa ɓangarorin biyu suna cikin ɗakin. 'Yan Nijar ma ba bakinsu ɗaya ba a kan mulkin soja. Mai jagora da ya roƙi Allah ya tumɓuke wane ko ya ɗora wane ya kori rabin baƙinsa. Abin da 1 Timoti 2:1-2 ya nema ya isa: a yi roƙo domin masu mulki, jama'a su zauna lafiya.

"Ai suna da ƙungiyarsu, makaranta ma tana da ofis"

Suna da su, kuma da su za a fara. Shugaban ƙungiyar ɗaliban Nijar ko ta Kamaru ya fi kowa sanin wanda zai iso da ranar isowarsa. A je a gaishe shi, a tambaye shi inda suke da giɓi. Sau da yawa abin da suka rasa ɗan gari ne: mai tsaya wa mutum wajen kama hayar ɗaki, mai jin harshen mai gida, mai gidan da za a kwana.

Maganar takardun zama kuwa, ɗan zumunta kada ya mai da kansa lauya. Aikinsa ya tuna wa baƙo ranar da izininsa zai ƙare, ya raka shi ofishin makaranta da na shige da fice, ya tabbatar an karɓi rasit. Kada ya riƙe fasfon kowa, kada ya haɗa shi da wani "mai hanya" da zai gama komai a kwana biyu. Takardar bogi idan ta tashi fashewa, a hannun baƙo take fashewa.

Darasin harshe ma akwai hanyar da ba ta cin ko kwabo. Ɗaliban sashen Faransanci, waɗanda ake turawa ƙauyen koyon Faransanci na Badagry, suna neman wanda za su yi hira da shi ido rufe. A haɗa su biyu-biyu, awa ɗaya Turanci awa ɗaya Faransanci, sau biyu a mako. Kowa ya ba da, kowa ya karɓa, baƙo ba ya jin kansa almajiri.

Inda aikin ya fi mutuwa shi ne wajen miƙa mulki. Shugabannin zumunta shekara ɗaya suke yi. A samu wata 'yar aji huɗu mai zuciya ta ɗauki baƙi kamar ƙannenta, ta gama ta tafi bautar ƙasa, lambobin waya da sunayen gidaje su tafi tare da ita. Saboda haka a mai da shi muƙami a cikin kwamiti, mutum biyu, namiji da mace, ɗaya daga cikinsu baƙo ne da ya kai aji biyu ko uku. A sami malami ɗaya ko ma'aikacin FCS ko NIFES, ƙungiyoyin ɗalibai Kirista na Najeriya, da zai riƙe littafin gidajen da ke karɓar baƙi, tun da shi ba ya gama makaranta.

Wanda ya kammala zai koma gida kuma, idan Kirista ne, a rubuta masa wasiƙar gabatarwa zuwa ikkilisiyarsa da ƙungiyar ɗalibai masu nazarin Littafi ta ƙasarsa, domin Nijar da Chadi da Kamaru duk suna da irinta a ƙarƙashin IFES. Kowane ne shi, a bi masa sawun takardar sakamakonsa. Ita ce kan makale wata da watanni bayan ya ƙetare iyaka, kuma zuwa karɓarta daga Njamena ya fi ƙarfin aljihun yawancinsu. Ya bar wasiƙar wakilci da sa hannunsa da kwafin katin makaranta a hannun malamin kafin ya hau mota.